Wuya Ake Saya, Ba Suna Ba: Nasiha Ga Mai Neman Jitar Lantarki Ta Hannu

Ƙanena, ko ƙanwata, in kai ne ka daɗe kana tara kuɗi don ka mallaki jitar lantarki, ara mini kunnenka kafin ka fasa asusu. Na san abin da ya ja ka. Ko dai ka ji 'yan Agadas a waya, su Bombino da Mdou Moctar, kiɗansu ya hana ka sakat. Ko kana cikin matasan da ke kiɗa a majami'a a Jos ko Kaduna, ka gaji da jiran layi a kan jita guda. Ko kuwa kana da ɗan situdiyo a Kano kana son sautin tsirkiya na gaske a kan abin da kwamfuta ke haɗawa. Ko wanne ne, kuɗinka bai kai na sabuwa mai kyau ba, shi ya sa idonka ya koma kan ta hannu. Ba abin kunya ba ne, dabara ce ma. Jitar lantarki katako ne curarre da ƙarfe da waya, ba ta da ƙoƙon ciki mai rauni irin na jitar da ba ta amfani da wuta, saboda haka in an riƙe ta da kyau sai ta shekara talatin tana aiki. Kuɗin da zai saya maka sabuwa marar asali, wadda ko masana'antarta ba wanda ya sani, shi ne zai saya maka tsohuwa ta kirki. Sai dai kasuwar kayan hannu ba ta tausayin wanda bai san abin da yake dubawa ba.

Abu na farko da zai yaudare ka shi ne sunan da aka rubuta a kan jitar. Sunaye biyu ne suka cika duniya, Fender da Gibson, kuma duka na Amurka ne. Leo Fender ya fito da samfurin da ake kira Telecaster a 1950, ya biyo da Stratocaster a 1954, kamfanin Gibson kuma ya fito da Les Paul a 1952. Yawancin jitar lantarki da za ka gani a shago yau, siffarta daga ɗaya cikin ukun nan aka ɗauko. Na ainihi ƙirar Amurka, sabuwarsu ta haura dala dubu, wasu ma sun ninka haka sau biyu ko uku, kuma ko sun tsufa ba sa faɗuwa warwas. To in wani ya miƙo maka jita mai sheƙi an rubuta Gibson a kanta, ya ce kuɗinta bai wuce na matsakaiciyar waya ba, ɗayan biyu ne: ko jabu ce, ko ta sata. Jabun sun yi yawa ƙwarai, kuma akwai alamun da ke tona musu asiri. A kan Gibson ta gaskiya, ɗan murfin roba mai siffar ƙararrawa da ke saman wuya da sukurori biyu aka ɗaure shi. Jabu sau da yawa uku ne. Lambar da ke bayan kai kuma kana iya shigar da ita a intanet ka ga ko ta dace da shekara da ƙasar da mai kaya ya faɗa. Amma ni shawarata ta fi haka sauƙi: da irin kuɗin da ke hannunka, ka cire waɗannan sunaye biyu daga ranka gaba ɗaya. Wanda ya yi ƙarya a suna ba zai yi gaskiya a katako da ƙarfe ba.

Akwai sunayen da ba sa ɓoye matsayinsu, su nake so ka nema. Squier na Fender ne, tun 1982 suke yin samfuransa a farashi mai sauƙi, da fari a Japan, yanzu galibi a Sin da Indunusiya. A cikinsu Bullet ce ta daɗe a matsayin ta ƙasa, Affinity ta ɗara ta, Classic Vibe kuwa in ka same ta a hannu cikin ƙoshin lafiya ka yi sa'a. Epiphone na Gibson ne, sun saye shi a 1957. Yamaha suna da Pacifica tun 1990, kuma lamba 112 a cikinta ta yi suna wajen cewa da wuya ka ci karo da wadda aka yi wa aikin ha'inci. Ibanez suna da jerin GIO. Sai Cort na Koriya ta Kudu, wanda mutane kan raina saboda sunan bai cika kunne ba, alhali masana'antarsu ce ke ƙera wa manyan kamfanoni da dama jitocinsu masu araha. In da ni zan zaɓa wa ƙanena na ciki ɗaya, Pacifica 112 zan fara nema, sannan Squier, sannan Cort. Ba don sun fi kowa daɗin sauti ba, sai don kayan gyaransu na samuwa kuma ƙirarsu ba ta da wahalar sha'ani.

To amma ko waɗannan sunaye ba su isa hujja ba. Jita biyu masu suna ɗaya da shekara ɗaya, wata ta zauna a akwati a ɗaki mai sanyi, wata ta kwana a but ɗin mota cikin zafin Afrilu, ba ɗaya suke ba. Wanda ya san sayen babur na hannu ba fenti yake dubawa ba, firam yake dubawa ko ya taɓa lanƙwashewa, domin taya da birki ana sauyawa, firam kuwa in ya karkace an gama. A jita, wuya ne wannan firam. Saboda haka mafi yawan lokacinka a gaban mai kaya, a kan wuya za ka ɓata shi.

Ka fara da ido. Ɗaga jitar, ka sa gindinta a ƙasa ko a kan cinya, ka rufe ido ɗaya, ka hango tsawon wuyan daga kai zuwa jiki, gefen dama sannan gefen hagu. Sandunan ƙarfen nan da aka jera a wuya, firet, ya kamata ka gan su sun jeru kwance ɗaya bayan ɗaya ba wanda ya karkata. In ka ga gefe ɗaya ya yi sama a wajen kai, ɗayan ya yi ƙasa, wato wuyan ya murɗe, to ka ajiye ta ka yi sallama, kome kyanta, kome araharta. Murɗaɗɗen wuya ba ya gyaruwa da kuɗin da kake da shi. Lanƙwasa kaɗan zuwa gaba kuwa ba aibi ba ce, haka ake so, domin tsirkiya na bukatar wurin kaɗawa. Ga yadda za ka auna: danne tsirkiya mafi kauri a firet na farko da hannun hagu, ka danne ta a firet na ƙarshe da hannun dama, sannan ka duba tsakiya, wajen firet na 7 ko na 8. Ya kamata a sami ɗan tazara tsakanin tsirkiya da ƙarfe, kamar kwata na milimita, kaurin katin waya na takarda. In tsirkiyar ta kwanta a kan ƙarfen babu tazara ko kaɗan, wuyan ya miƙe da yawa ko ya koma baya. In kuwa tazarar ta yi faɗin da katin ATM zai shige ya yi wasa, ya lanƙwashe da yawa.

Duka biyun ana gyara su, amma da sharaɗi guda, kuma wannan sharaɗin shi ne zuciyar cinikin. A cikin wuyan kowace jitar lantarki akwai sandar ƙarfe da aka binne daga kai zuwa gindi, mai noti a baki, aikinta ta ja da ƙarfin tsirkiyoyi shida da ke janyo wuyan gaba dare da rana. In an ɗaure notin wuya ya miƙe, in an sassauta ya saki. Ka roƙi mai kaya ya sa makullin alanki ya juya notin kaɗan a gabanka, ba fiye da kwatan zagaye ba, sassautawa da farko sannan mayarwa. In ya juya da ɗan nauyi a hannu, lafiya. In ya ƙi motsi sam, ko yana juyawa fayau ba ya kama komai, ko bakin notin ya cinye har makulli ba ya zama, to sandar ta mutu ko tana hanyar mutuwa. Mai kayan da ya hana ka wannan gwaji, yana cewa kada a taɓa, ya riga ya ba ka amsa. Kai kuma kada ka karɓi makullin ka murɗa da ƙarfi a kan kayan da ba naka ba. In ta karye a hannunka, kai za ka biya.

Daga nan sai tsayin tsirkiya daga wuya. Katin ATM kaurinsa milimita 0.76 ne, saboda haka biyu a haɗe sun kai milimita ɗaya da rabi. Zura su a ƙarƙashin tsirkiya a firet na 12. In biyu sun shiga daidai, ko da ɗan sarari kaɗan a wajen mai kauri, jitar za ta yi laushi a hannu. In uku sun shiga har da saura, ta yi tsayi, za ta cinye maka yatsu kuma za ta sa ka tsani koyo. Yara da yawa da suka bar jita suna cewa ba su da baiwa, ba baiwa suka rasa ba, tsirkiya ce ta yi musu nisa. Tsayin ana rage shi a wajen jaki, ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a jikin jitar, amma ka leƙa ka gani: in an riga an sauke jakin har ƙasa kuma duk da haka tsirkiya na sama, matsalar ta fi ƙarfin sukuri.

Sai ka bi firet ɗin ɗaya bayan ɗaya. Kada ka ji kunyar cewa ba ka iya kiɗa ba tukuna. Wannan gwajin ba ya bukatar gwaninta. Danna kowace tsirkiya a kowane firet, daga na farko har na 21 ko 22, ka kaɗa, ka saurara. Kana neman wurin da sauti ke mutuwa nan take, ko yake fita da ƙarar gogar ƙarfe. Zai ɗauke ka minti goma, mai kaya zai ƙosa, kai dai ka ci gaba. Ka ɗan janye tsirkiyoyin gefe ka dubi firet biyar na farko, nan ne hannu ya fi zama. In ka ga ramuka sun fito a ƙarƙashin kowace tsirkiya, ƙarfen ya cinye. Ɗan sheƙi ko ɗan lafewa ba komai ba ne. Rami mai zurfi kuwa yana nufin sai an goge su duka an daidaita, ko a cire a sa sababbi, kuma sauya firet aiki ne na gwani wanda kuɗinsa kan kai kuɗin jitar mai araha ita kanta. Masu wannan aikin ba su da yawa a garuruwanmu, wannan ma ka sa shi a lissafi.

Abu na ƙarshe a wuya shi ne tsagewa. Juya jitar ka duba bayan kai, daidai inda wuya ya ƙare. Samfurin Les Paul da 'yan uwansa kansu a karkace yake zuwa baya, kuma katakon mahogani ne, ɗan uwan maɗacinmu, ga shi an rarake wurin don notin sandar ciki. Faɗuwa ɗaya tak kan isa ta karya shi. Ka shafa da yatsa, ka haska da fitilar waya, ka nemi layin gam ko fentin da bai yi kama da na kewaye ba. A samfurin Stratocaster da Telecaster da Pacifica kuwa, wuya da sukurori huɗu aka ɗaure shi a jiki, in ya lalace ana kwancewa a sa wani. Wannan babban dalili ne da ya sa na fi son su ga mai ƙaramin ƙarfi. Ɗan siririn tsagu a fenti a gefen inda wuya ya shiga jiki abu ne da aka saba gani a irinsu, yawanci bai wuce fenti ba. Riƙe wuyan ka ɗan girgiza, in bai motsa ba ka wuce.

In wuya ya tsira, sauran aibobi abokanka ne, domin da su za ka nemi ragi. Fenti ya kwarzane, ƙarfe ya dushe, tsirkiya ta yi tsatsa, maɓallin ƙara sauti yana ƙas-ƙas in an juya, ramin da ake soka waya ya yi sako-sako, kunne ɗaya na ɗaure tsirkiya ya lanƙwashe: duk waɗannan ƙananan abubuwa ne. Mai gyaran rediyo na unguwarku da dalma da ɗan man wanke maɓalli zai gama da rabinsu kafin la'asar. Ka nuna wa mai kaya su ɗaya-ɗaya cikin ladabi, ka yi tayinka. Ni na fi amincewa da jitar da ta sha hannu, duk jikinta tabo amma wuyanta santsi, a kan wadda ke ƙyalli kamar ba a taɓa ta ba. Sau da yawa wadda aka yi ta kaɗawa, daɗinta ne ya sa aka kaɗa ta.

Kada ka yarda a yi ciniki ba a jona ta a amfilifaya ba. In an ce babu wuta, a tayar da janareto ko ka dawo gobe. Abin da ke ɗaukar sauti a jikin jita, fikof, maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla dubban zagaye. Ka sa makunnin zaɓi a kowane matsayi, ka ɗauki makulli ko sukundireba ka ɗan taɓa kan kowane fikof. Wanda ke aiki zai amsa da ƙwas a lasifika. Wanda ya yi shiru, ko dai waya ce ta tsinke, abu mai sauƙi, ko naɗin cikinsa ya mutu, sai an sauya. Iri biyu ne. Akwai siriri mai naɗi ɗaya, irin na Stratocaster, sautinsa garau, kowace tsirkiya na fita daban. Shi ne ya dace da salon Agadas, da hailaif, da yawancin kiɗan majami'a. Aibinsa yana jawo gurnanin wutar lantarki, musamman kusa da janareto ko fitila mai ƙyaftawa. Akwai kuma mai naɗi biyu, wanda Seth Lover ya ƙirƙiro wa Gibson a shekarun 1950 don kashe wannan gurnanin. Sautinsa ya fi kauri da duhu, masu kiɗan rok sun fi son sa. Saboda haka in ka ji ɗan gurnani a mai naɗi ɗaya, ba lalacewa ba ce, halinsa ne. Pacifica 112 ta haɗa duka, siririya biyu da mai kauri ɗaya, shi ya sa take wa mai koyo daɗi tun bai san inda kunnensa zai karkata ba.

Abu biyu zan ce ka kauce musu a jitar farko ko da lafiyarsu ƙalau. Ɗaya jaki mai lilo irin na Floyd Rose, wanda ake kulle tsirkiya da makulli a sama da ƙasa. Tsirkiya ɗaya in ta tsinke sauran biyar duk sun fita daga saiti, kuma sauya su aikin yini ne ga wanda bai saba ba. Ɗayan kuma fikof mai cin batir na bolt 9, wanda kan mutu a tsakiyar biki. In kai bahago ne, ka sani jitar hagu ba ta da yawa a kasuwar hannu. Mdou Moctar bahago ne, haka Jimi Hendrix, wanda ya riƙa juya jitar dama ya sake jera mata tsirkiya. Ana iya yin hakan, amma sai an sauya ɗan ƙashin da tsirkiyoyi ke bi a bakin kai, kuma maɓallai za su koma ƙarƙashin hannunka. In ka iya haƙurin nema har ka sami ta hagu, ya fi.

Yanzu maganar kuɗi. Kuskuren da na fi gani shi ne yaro ya zuba duk abin da ya tara a kan jita, ya kawo ta gida, sannan ya tuna ba ta magana sai da amfilifaya. Tun kafin ka fita ka raba kuɗin: kamar kashi shida cikin goma na jita, uku na amfilifaya da waya, ɗaya na sababbin tsirkiyoyi da ladan wanda zai saita maka ita. Wannan kashi ɗayan na ƙarshe kada ka taɓa shi kome daɗin bakin mai kaya, domin jita mai araha da gwani ya saita ta fi mai tsada da ba a saita ba daɗin hannu. Farashi kuwa yana bin dala, na yau ba na gobe ba ne, don haka kada ka riƙe adadin da wani ya faɗa maka bara. Duba kuɗin sabuwar wannan samfurin a ranar da za ka saya. Ta hannu mai lafiya, a ganina, tsakanin rabi da kashi biyu cikin uku na wannan ya kamata ta tsaya. In ta kusa kuɗin sabuwa, ƙara haƙuri ka sayi sabuwar. In ta faɗi ƙasa da rabi sosai, tambayi dalili.

Don koyo a ɗaki, amfilifaya mai wat 10 zuwa 20 ta isa har ta yi yawa. Inda wuta ba ta zama, ƙananan nan masu aiki da batir, irin Roland Micro Cube ko Boss Katana Mini ko Blackstar Fly 3, sun fi babba da za ta zauna tana jiran a kawo wuta amfani. In tsohuwa za ka saya, juya bayanta ka karanta. Wutar Nijeriya da Nijar da Gana bolt 220 zuwa 240 ce, ta Amurka kuwa 120. Kayan da suka shigo daga can in ka soka su kai tsaye, hayaƙi za ka gani. Sai da na'urar rage ƙarfin wuta. Sannan ga maganar da ta fi kuɗi muhimmanci. Tsirkiyoyin jitar lantarki a haɗe suke da jikin amfilifaya ta cikin waya. In amfilifayar na da matsala, ko an cire ƙafa ta uku ta fulogi, ko gidan ba a yi masa wayar ƙasa ba, wuta na iya biyowa har yatsunka, kuma haɗarin ya fi tsanani in hannu ɗaya na kan tsirkiya ka taɓa makirfo da ɗayan ko da leɓe. A 1972 wani makaɗin jita ɗan Sikotilan, Les Harvey, ya rasu a kan dandamali a garin Swansea ta wannan hanyar. In ka taɓa tsirkiya ka ji tana ɗan cizo, kada ka ce za ka saba. Kashe, ka kira mai gyaran wuta. Kada kuma ka yi kiɗa ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti.

Wajen saye, ka tafi da wanda ya fi ka sani. Kowane gari akwai shi: makaɗin majami'a, ko na ƙungiyar biki, ko mai situdiyo. Ka gaishe shi da girmamawa, ka biya masa kuɗin mota, in da hali ka ɗan sa masa wani abu a aljihu. Abin da zai hango cikin minti biyar zai fi abin da ka ba shi. Mafi kyawun jita ta hannu sau da yawa ba a shago take ba, tana wajen makaɗin da ya sami wadda ta fi ta yana son ya rabu da tsohuwar, kuma shi zai gaya maka halinta. Kasuwar Alaba a Legas ita ce babbar matattarar kayan kiɗa, sababbi da na Kwatano, daga can ne da yawa ke haurowa Arewa. Ana kuma tallarsu a Jiji da Facebook. Duba hoto ba laifi, amma tura kuɗi kafin ka riƙe ta a hannu cinikin biri a sama ne. Hoto ba ya nuna murɗaɗɗen wuya. In nisa ya hana, nemi wani amintacce a garin ya je ya yi gwajin nan da na lissafa, kana kallo ta bidiyo.

Ka tambayi mai kaya inda ya samo ta da dalilin sayarwa, ka kalli fuskarsa yana amsawa. Ana satar kayan kiɗa a majami'u da situdiyo da motocin makaɗa, kuma jitar da aka kankare lambarta ba ta da wani bayani mai kyau. Ranar da mai ita ya gan ta a hannunka a wajen biki, kai za a riƙe, ba wanda ya sayar maka ba. Ka sa a rubuta maka rasit da sunan samfurin da lambarta da kwanan wata, a gaban shaida. Ka kuma nemi sharaɗin kwana biyu ko uku, in wani ɓoyayyen aibi ya fito ka dawo da ita. Wannan ba sabon abu ba ne a cinikinmu, malamai sun daɗe da bayyana cewa ɓoye aibin kaya haramun ne kuma mai saye na da haƙƙin mayarwa. Ɗan kasuwar kirki ba zai ji haushin wannan ba.

Akwai abin da nake so ka riƙe game da mutanen da kiɗansu ya ja ka. Ibrahim Ag Alhabib na ƙungiyar Tinariwen, wadda ta ci kyautar Grammy a 2012, da gwangwani da sanda da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Mdou Moctar ma da wayar keke ya fara, a gidan da ba a son ya yi kiɗa. Etran de L'Aïr, da suka fara kiɗan biki a Agadas a 1995, jita guda ce gare su a farko, marar lantarki. Fatou Seidi Ghali ta ƙungiyar Les Filles de Illighadad a kan jitar ɗan'uwanta ta koya wa kanta. Ban kawo su don in ce ka wadatu da kowace irin tarkace ba, ai duk bayanin da na yi a sama don kada ka sayi tarkace ne. Na kawo su ne don kada ka ci bashi, kada ka taɓa kuɗin makaranta ko jarin sana'a, saboda wani suna a kan katako. Kuma in kana gaban iyaye, kada ka shigo da ita a ɓoye. Gidaje da yawa suna da damuwa game da kiɗa, wasu ta fuskar addini, wasu don tsoron irin abokan da zai jawo. Ka zauna da su, ko ka sa kawu ko yaya ya yi maka magana, ka nuna karatunka ko aikinka ba zai taɓu ba. Jitar da ake ɓoyewa a ƙarƙashin gado ba a koyon ta.

In Allah Ya sa ta zo hannunka, cire tsofaffin tsirkiyoyin ka sa sababbi masu laushi, saitin da aka rubuta 9–42 a jikin fakitinsa, ka sayi fakiti biyu domin siririyar ta ƙasa ba ta daɗewa a hannun mai koyo. Sauke manhajar saita sauti a wayarka. Bayan an saita, gwada kowace tsirkiya a sake, sannan a danne a firet na 12: sautin ya zama ɗaya ne, na biyun dai ya fi tsayi. In ya kauce, ana gyarawa da sukurin da ke bayan jaki. Ka riƙa goge tsirkiya da tsumma bayan kowane kiɗa, gumi ne ke cinye su.

Sai yanayinmu. Katako yana shan danshi yana kumbura, yana bushewa yana tsukewa, kuma masu ƙera jita sun fi son danshin iska ya tsaya wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Jitar da ta sauka a Kwatano ko Legas ta sha iskar teku. In ta iso Kano ko Zinder ko Sakkwato cikin hunturu, inda danshi kan faɗi ƙasa da kashi 20, dole wuyanta ya motsa. Za ka iya jin bakin firet sun fara tsini a gefe suna kartar hannu, domin katakon ya tsuke ƙarfen bai tsuke ba. Gwani zai goge su da ɗan fayil, sau ɗaya ya wadatar. Ajiye ta a jaka, nesa da taga da rana da rufin kwano, kada ka bar ta a mota. Bayan mako uku ko huɗu da zuwanta, sake danne tsirkiya a firet na farko da na ƙarshe ka duba tazarar tsakiya, ka sake zura katunan nan biyu a firet na 12. In awon ya sauya, mayar da ita wajen wanda ya saita maka ya ɗan juya sandar ciki, sannan ka sake yin haka in damina ta kankama.